Ma'aikacin Watan Mayu

Malama Hozumi ta tsiyaye sauran kananzirin da ke cikin murhun ɗumama ɗaki, ta goge murhun tas, ta ajiye shi a gindin matakala. Nata aikin ke nan. Sauran na ma'aikacin shagon Tsuruoka ne, ga shi kuwa Mayu na shirin fita bai zo ba.

Duk shekara yakan zo ba sai an kira shi ba, da rigar shagon, da hula, da takunkumin da kowa ke sawa lokacin ƙurar furanni. Ya naɗe bargon kotatsu, teburin nan mai wuta a ƙasa, ya hau da shi sama tare da murhun. Sannan ya ɗauko tsani, ya buɗe na'urar sanyaya ɗaki, ya wanke ragarta, ya busa tiyon ruwa, ya share ganyen da ya taru bayan injin waje. Daga ƙarshe ya kunna ta, ya tsaya yana saurare. Tun zuwansa na farko ya ce alheri ne shagon ke yi wa tsofaffin da suka sayi na'ura a wurinsu. Malama ta ce haka ya kamata.

Ba ta taɓa yabonsa ba. Ta ƙare ƙuruciyarta tana koyar da lissafi, ta san yabo ɓata yaro yake yi. Takan tsaya a gindin tsani tana nuna masa inda ya bar ƙura, shi kuma ya koma ya goge. Takan zuba masa shayin sha'ir mai sanyi, ya juya baya ya shanye a tsaye. Wanda ya fi ba ta haushi shi ne abokin aikinsa, mai zama cikin farar motarsu a ƙofar gida, hula har ido, bai taɓa saukowa ya kama ko guga ba.

"Wancan malalacin, kallon gidana aka ɗauke shi aiki ya yi?" ta taɓa tambaya.

Ma'aikacin ya sunkuyar da kai, ya ce a yi masa haƙuri, ba shi da isasshiyar lafiya.

Bana shiru. Zafi kuma ya yi sammako. Ta kunna na'urar da kanta, warin rima ya cika ɗakin, ruwa ya dinga ɗiga a kan tabarma. Kotatsu na nan tsakiyar falo, don ƙafarta ba ta iya hawa da shi ɗakin Kazuha, 'yarta tilo, wadda ta bi wani da bai gama makaranta ba. Malama ta ƙi ko ganin fuskar mutumin, ta mai da ɗakin wurin ajiya.

Tun rasuwar mijinta ƙararrawar gidan ba ta cika kaɗawa ba. Rabonta da jinta tun ƙarshen sanyi, da wani mai baƙar kwat ya danna, ta sallame shi daga bayan ƙofa, ta ce ba ta sayen komai. Yanzu kullum da safe takan dafa shayin ta sa a firji, ta fito da kofin baƙi. Da yamma ta mayar da kofin.

Ran da labaran rana suka ce an fara kwasar tsofaffi zuwa asibiti saboda zafi, ta ɗauki lemarta ta nufi shagon.

Ta sami Tsuruoka, mai shagon, yana gyangyaɗi a bayan kanta. Ɗalibinta ne a dā, furfura duk ta cinye kansa. Ta tsaya kamar a gaban allo ta zayyana masa laifinsa: an saɓa alkawari, ba a aiko da uzuri ba, kuma ana ciyar da malalaci a mota. Ta ce gobe take son a zo, a ba ta haƙuri, kuma wancan ma'aikacin take so, kada a turo mata wani.

Tsuruoka ya sosa ƙeya. Ya ce shi fa tun da gwiwarsa ta ƙi ya daina aikin gida-gida, kuma bai taɓa ɗaukar ma'aikaci ba.

"Kai, har yanzu ba ka daina ba? Haka kake ce mini akuya ta cinye aikin gida, a garin da babu akuya. Sunan shagonka ne a bayan rigarsa."

Matarsa Fumiyo ta fito daga ciki tana goge hannu. Ta dubi mijin, ya tashi ya ce bari ya leƙa sito. Ta jawo wa Malama kujera. Malama ta ce a tsaye ta zo, a tsaye za ta ji.

Fumiyo ta ce rigar tasu ce, gaskiya ne. Arawa suke yi duk Mayu, a dawo musu da ita a wanke, a goge. Mai aron sunansa Nagamine, mijin Kazuha.

Malama ta ƙanƙame lemarta. Ta ce ita ba ta da suruki. Sannan ta ce ko ma wane ne, wanda ya ɗauki aiki ya cika shi, me ya hana shi zuwa bana?

"Ya zo, Malama. Da baƙar kwat ta makoki ya zo, kika ce ba kya sayen komai." Fumiyo ta sake turo kujerar kusa da ita. "Zuwa ya yi ya gaya miki mai zama a motar nan ba zai ƙara zuwa kallon gidan ba. Kazuha ce, ta rasu."