Haƙoran raƙumi

Ranar da na ce wa Baba na bar lakol, muna kasuwar dabbobi ta Dakoro, bayan la'asar. A makare aka sa ni makaranta, sai da na sha kiwon awaki a Azagor, don haka na fi kowa tsawo a aji, yara suna ce mini Kakan Aji. Ni kuwa ba abin da nake so irin farar rigar mai farmasi.

Na ce, "Baba, an ce masu karatun magani da ƙuruciya suke farawa. Kafin in kai can na tsufa."

Baba ya ja ni wurin wani raƙumi, ya ɗaga leɓensa. Har yau ina jin warin bakin nan, tsamin tuƙa da ɗanyen ganye.

"Dubi haƙoran," in ji shi. "Wannan ya daɗe a daji kafin a aza mishi kaya, shi ya sa ake rububinsa. Wanda aka aza wa tun yana ƙarami, a rabin hanya yake durƙushewa."

Sai ya kama haɓata, ya leƙa bakina kamar mai tayi, ya girgiza kai. "Albarka, wannan ba na sayarwa ba ne. Gobe ka koma aji."

Na fara karatun farmasi a Yamai ina shekara ashirin da biyar. Yaron da ke kusa da ni, ɗan sha takwas, ya ce mini Tonton, wato Kawu. Na shafi haƙorana da harshe, na ce ya matsa mini in zauna.