Mai Shuɗiyar Riga

Gorar farko ta same ni a ƙeya, ta biyu ta karya min hannu.

"Ba ni ba ne!" nake ihu.

"Mai shuɗiyar riga aka ce mana," in ji ɗaya daga cikin 'yan daban da suka rufe ni.

Tela ne ya fito da almakashi ya kore su. Aminina ne na shekara talatin, amma mun daina gaisawa tun da ya kira jam'iyyata ta ɓarayi.

Ya tallafi kaina. "Ɗan'uwa, wa ya turo su?"

Ni na turo masa su ta waya, na zo kallo, na manta yadi ɗaya yake yanka mana.

Ya dubi rigata, ya dubi tasa. Sai ya zare hannunsa, kaina ya bugu da ƙasa.