Tsoho Ya Kwanta Dama

Wata ma'aikaciyar jinya ce ta zo wurin malaminta na Turanci a rikice, jarrabawa ta ƙarato. Ta ce, "Malam, kalmomin nan duk na san su ɗai-ɗai, amma da an haɗa biyu sai ma'ana ta sulale mini. Ni dai in na shiga, fassara kowace zan yi da abin da na sani, in wuce." Malam ya ce, "Kafin ki yi haka, Hajiya, saurari wannan."

Tun kafin zuwan wayar hannu, an yi wani baƙo mai haƙa rijiya da ya zo daga ƙasa mai nisa ya zauna cikin Hausawa. Ya dage da koyon harshen, yana tsintar kalmomi ɗaya bayan ɗaya kamar mai roron gyaɗa, har mutane suka fara cewa yana jin Hausa kamar jakin Kano. Yabon nan ya shige shi ƙwarai. Yana da amini ɗan gari, mai fataucin hatsi, wanda ya taɓa zama a ƙasar su baƙon har ya iya yarensu, in sun haɗu ma da shi suke hira. Wata rana aminin yana can wani ƙauye mai nisa yana sayen gero, shi kuma baƙon aka kira shi ya duba wata rijiya a ƙauyen. Ya shiga mota, direba ya tayar ke nan, sai ga maƙwabcin aminin da gudu, yana haki, ya kama taga ya ce, "Don Allah ka gaya masa tsoho ya kwanta dama. Ana jiransa." Mota ta ja.

Baƙo ya shiga juya maganar a ransa. Kwanta ya sani. Dama ma ya sani, ɓangaren hannun da ake cin tuwo da shi. Ya kuma san mahaifin aminin nasa ya daɗe yana fama da ciwon haƙarƙari, ko juyawa ba ya iyawa a kan gado. To, tunda har ya kwanta ta dama, ai sauƙi ya samu. Sai dai zuciyarsa ta ƙi amincewa. In albishir ne, me ya sa idanun mutumin suka yi ja? Me ya kawo gudu? Kafaɗa da kafaɗa da shi akwai wani dattijo yana jan carbi. Ya buɗe baki zai tambaye shi, sai ya hango yadda 'yan mota za su juyo su ga gwanin Hausa ya kasa gane kalmomi biyu da ko ɗan yaye ya sani. Ya haɗiye tambayar har suka sauka. Ya tarar da aminin cikin buhuna, ya faɗa masa da yarensu cewa mahaifinsa yanzu yana iya kwanciya a ɓangaren dama, kuma yana son ganinsa. Aminin ya ɗaga hannu ya gode wa Allah, ya ce bari ya ƙarasa lodi, gobe sa koma tare. Har ya saya wa tsohon zuma. Washegari suna shan kwanar layin suka hangi tabarmi a ƙofar gida, mutane zazzaune jugum. Ashe tun jiya an jira ɗan har rana ta yi zafi, aka gaji, aka kai tsoho makwancinsa ba shi. Aminin ya tsaya da kwalbar zuma a hannu, ya juyo ya dubi baƙon.

Malam ya ce, "Kin gani, Hajiya, bai yi ƙarya ba, kowace kalma daidai ya fassara ta. Irin wannan magana a dunƙule ake koyonta, daga bakin masu ita. Da bai san Hausa ko kaɗan ba, da tun a tasha ya kama hannun wani ya ce a yi masa bayani. Shi ya sa Hausawa suka ce, ƙaramin sani ƙuƙumi ne."