Ranar Sallamar Lantana

Lantana ce ma'aikaciyar farko a kamfanin Tsiro, tun yana shago ɗaya a Fagge, ana cin abincin rana a tire guda. Tare suka girma. Yau benensa ya tokare sama, ita kuma ta zo ajiye aiki. Dokar zamanin ita ce, duk abin da mutum ya sani a wurin aiki, nan zai bar shi.

"Yaya Lantana, babu zafi," in ji matar da ta ɗora mata na'urar goge tunani a goshi.

"Maigidana fa? A nan muka haɗu."

Matar ta kunna na'urar.

A bakin ƙofa wani dattijo ya tarbe ta, ya miƙa hannu zai karɓi jakarta. Lantana ta rusuna.

"Sannu, Malam. Wa kake jira?"