Kundin da Kubura Ta Ara

Tun da aka kawo Zaure, manhajar da ma'aikatan laburarenmu ke aiki tare a ciki, ko ƙofa sai da izininta. Ranar Litinin ta hana ni shiga ɗakin tsofaffin takardu.

"Malama Lantana, an sallame ki," in ji manhajar. "Na san mazaunin kowace takarda."

A kundina kaɗai na rubuta mazaunin takardun nan, shekara talatin. Kundin da abokiyar aikina Kubura ta ara, wai za ta yi masa bango.

Na je teburinta. "Kubura, ke ce?"

Ba ta ɗago ba. "An ce kowa ya zuba wa Zaure abin da ya sani, ko ya tafi. Ni ba ni da komai, Yaya."

Ta turo mini kundin. Bangon kuwa ta yi, har da ado.