Ceton 'Ya'yan Kada

"Yesu! Baban yara, kawo bindiga! Tana cinye 'ya'yanta!"

Matar ta saki kwandon cittar da take wankewa a rafi. A tsallake, macen kada na tsince jariranta daga yashi da baki, ɗaya bayan ɗaya.

Mijin dattijon ikilisiya ne, ya sha yin wa'azi a kan iyayen banza. Wata da watanni yana ganin wannan kada kwance a bakin ramin ƙwanta, bai taɓa ta ba. Amma wannan mugunta kam, ina!

Harbi ɗaya ya yi.

Masu wankin citta suka tsallaka da guɗa. Da aka buɗe bakin gawar da sanda, sai ga jariran suna fitowa, ko ƙwarzane babu. Ruwa za ta kai su, yadda uwar kada ke yi, amma ba wanda ya kawo haka a ransa.

"Kun gani?" in ji dattijon. "Da na makara, da shi ke nan."

Aka yi ta tafi. Shirwar da ta daɗe tana shawagi ba ta samu fuska ba saboda uwar, ta sauko a natse, ta ɗauki jariri na farko.