Fistin Huɗu na Ƙarshe a Kontagora

"Ba na son jabu, Ɗanmalam. Fistin da kwanrod na asali nake so, na injin Pijo 504."

Ɗanmalam mai sayar da kayan mota ya girgiza kai. "Baba Sati, saiti ɗaya ya rage duk Kontagora, kuma jiya aka saye."

"Wa ya saya?"

"An ce kada in faɗa."

Sati ya nufi gida yana huci. Bara motar tasa ta kusa kashe shi a hanyar Rijau, don idonsa ya yi rauni. Kowa ya ce ya haƙura. Shi kuwa ya rantse sai ya tayar da injin, ko da zai sayar da dawarsa kaf.

"Margaret!" ya kira matarsa. "Wani maƙiyi ya riga ni. Wallahi in na gano shi..."

Tana tsugune a madafa. Tukunyar miya na zaune daram a kan fistin uku, wuta ta mai da su baƙi ƙirin. Da kwanrod, ƙarfen da ke riƙe fistin, take iza itace.

"Ga ni nan, Baban James," ta ce, ko ɗagowa ba ta yi ba. "Na huɗun yana cikin rijiya. Ka yi fushinka da ranka, ni ban shirya binne ka ba."